Kwanon Madam Mengue

A shekarar da aka karya darajar sefa, madara ta yi ƙaura daga Libreville ba tare da ta yi wa kowa sallama ba. Da ma garin ba garin shanu ba ne. Duk ɗigon da ake sha a jirgin ruwa yake zuwa, cikin kwalaye masu hoton wata saniya mai ƙiba wadda ba ta taɓa sanin cizon ƙudan tsando ba. Da kuɗi ya faɗi, masu odar kaya suka noƙe. A manyan kantunan Batterie IV, inda matan manya ke tura keken sayayya suna taku ɗai-ɗai, firiji yana nan da fitilarsa yana ta gurnani, amma sai ruwan kwalba aka jera a wurin madara don kada a ga tsiraicinsa. A ƙananan shagunan Cocotiers kuwa ta gari ce ta rage, ana auna ta da cokali, kuma har ita ɗin ma wasu marasa tsoron Allah sun fara cakuɗa ta da fulawa.

Ba wanda abin ya ci wa rai kamar Ƙulu. Mutuniyar Tasawa ce, mai sayar da fura da nono a ƙofar ɗakinta, bayan masallacin unguwa. Mace ce mai hannu a sana'arta, kuma ta san tana da shi, wanda shi ne ɗan aibinta. Shekara da shekaru tana haɗa nono da madarar kwali tana zaginta a lokaci guda. Ruwan alli take ce mata. Abin da take tinƙaho da shi ƙwaryarta ce, baƙa wuluk don tsufa, wadda ta taho da ita daga ɗakin uwarta. Ba a taɓa ƙwalƙwale ta sarai ba. Kullum akan rage ɗan tsohon nono a gindinta, shi ne irin da zai kama sabuwar madara ta kwana ta daskare. Ƙulu takan ce nonon da take sayarwa yau jikan jikan wanda uwarta ta zuba mata ne ranar da za ta bar gida. To yanzu ga iri, babu abin da za a ba shi ya kama.

Ana cikin wannan sai babbar ta zo. Rediyo ya fara maimaita sanarwa safe da yamma, cewa duk baƙon da ba shi da katin zama ya tattara ya bar ƙasar kafin wa'adi ya cika, kuma an tsauwala kuɗin katin ta yadda ko mai shago sai ya yi gumi. Aka kafa shingaye a kan tituna. Manyan motoci masu rufin tamfal suka fara tsayawa a bakin kasuwa ba tare da sun kashe inji ba. Mutum zai fita sayen burodi da silifas, iyalinsa su ji labarinsa daga tashar jiragen ruwa. Masallaci ya rage cika, masu zuwan ma da an sallame sai kowa ya suri takalminsa.

Katin Ƙulu yana da sauran rai, don nata suka fara sabuntawa bara. Na mijinta Maitama ne ya mutu. Shi direban babbar mota ne, yana ɗauko shanun yanka daga iyakar Kamaru ya sauke su a wani garke da mahauta suka kewaye a dajin bayan Ntoum, inda dabbobi ke hutawa kafin a kai su mayanka. Da abin ya yi tsanani, sai ya ajiye mota ya shige garken nan, shi da wasu mutane irinsa marasa kati. Wuri ne da ba a ganinsa daga titi, sai an bi wata 'yar hanya mai jan laka ta cikin gonakin rogo. Ya ce mata ta zauna a ɗaki, ta riƙe bakinta, har ƙura ta lafa.

Wata safiya ana yayyafi, Saliou ya ƙwanƙwasa mata ƙofa. Abokin Maitama ne tun suna 'yan kamasho, yanzu yana jan motar haya tsakanin Ntoum da gari, kuma takardunsa cif suke. Ya shigo da wani abu a cikin buhu, ya dire a tsakar ɗaki, ya mai da ƙofa ya rufe da ƙafarsa.

Ya ce, "Uwargida, ga saƙon mutuminki."

Farar jarka ce, irin da a can ake kira bido, an toshe bakinta da leda an ɗaure da igiya, irin ƙullin da Maitama yake yi wa maraƙi, wanda ja ɗaya ke kwance shi. Tana kwancewa ƙamshin ya buge ta, ƙamshin hayaƙi da jikin saniya. Sai da ta zauna a bakin gado.

"Saliou, mi nika gani haka? Madarar shanu?"

"Ita ce. Wata saniya aka kawo da ciki ba a sani ba, ta haihu kwana biyu da sauka. Kin san mahautanmu, ba su sa wa mai shayarwa wuƙa. To ga ta nan a turke, ga mijinki da hannun tatsa. Ya ce in kin ga bidon nan da ƙullinsa, shina lahiya. In ba ki gani ba..." Ya ɗaga kafaɗa bai ƙarasa ba. "Amma ki ji ni da kyau. Kada ki sayar. Kada ko ƙuda ya san akwai ta a ɗakin nan. Garin da ministoci ke shan shayi baƙi, in aka ga madara a hannunki sai an tambayi uwarta."

Ƙulu ta ce ta ji. Kuma ta ji ɗin, ba za a yi mata ƙarya ba. Ta dafa madarar ƙofa a rufe, ta bar ta ta huce, ta juye a baƙar ƙwarya ta rufe da faifai. Washegari da ta ɗaga faifan sai hawaye ya zubo mata. Kindirmo ne ya kwanta luf, kauri kamar a yanka da wuƙa, samansa rawaya-rawaya da maiƙo. Rabonta da ganin irinsa tun tana budurwa. Ta kwashe saman ta kaɗa a gora ta fid da curin man shanu, ta sha abin da za ta sha, ta ɓoye sauran a ƙarƙashin gado. Daga nan jarka ta riƙa zuwa jefi-jefi, tana komawa da ɗan yaji ko goro a ɗaure a hannunta. Masu zuwa neman fura kuwa amsa ɗaya suke samu, babu nono a gari.

Da haka za a wanye lafiya, in ba don Madam Mengue tana da kirki ba.

Ita ce mai gidan da suke haya, tsohuwa 'yar ƙasa, mai faɗin jiki da ƙatuwar murya, ɗakinta bango ɗaya da na Ƙulu. Ta lura mijin baya nan, ta lura matar ta daina kasa ƙwarya a ƙofa, kuma ba ta tambayi komai ba. Sai dai wata rana da azahar ta turo ƙofa da ƙugunta, riƙe da wani farin kwanon tangaran mai murfi da zanen furanni shuɗi. Kifi ne banda a cikin miyar gyaɗa, da dafaffiyar ayaba a gefe.

Ta ce da Faransancinta mai sauri, wanda Ƙulu ke tsintar rabi ta cike rabi da kai, "Ci, 'yata. Kin rame. Babu alade a ciki, na san ku."

Ƙulu ta ci har da suɗe yatsu. Ta wanke kwanon, ta goge, ta ajiye a kan tabarma, ta zuba masa ido. A nan ne matsala ta fara, domin a inda aka haife ta ba a mai da kwanon maƙwabci wofi. Ko a shekarar yunwa uwarta ba ta taɓa yi ba. Ko 'yar ƙuli-ƙuli ce, ko ƙwai guda, sai an saka. Mai da kwano haka nan kamar ka ce wa mutum kai maroƙi ne, ko kuma ba ka son ya sake kawowa.

Tana cikin wannan zullumi Fadima ta shigo, matar wani mai shago Bakano, ƙawarta ta kusa, kuma ita kaɗai ta san zancen jarka. Ta dubi kwano, ta dubi idon Ƙulu da ke satar kallon ƙarƙashin gado, ta gane.

"Ke Ƙulu, kada ki soma. Wallahi kada ki soma."

"To mi zan sa mata? Dubi ɗakin nan. Garin rogo zan zuba wa mai gonar rogo?"

"Sa mata sukari ƙwaya huɗu. Sa mata ashana. Mutanen nan ba su san wannan al'adar ba ma, ko wofi kika mayar ba za ta ji komai ba."

"Ita ba ta sani ba, ni na sani. Matar ta ba ni kihi da miya, in mai da mata ashana? Ni ɗiyar wa?"

"Ɗiyar wadda mijinta ke kwana a cikin kashin shanu. Kin manta ɗanta jandarma ne, irin masu tsaron shingayen nan?"

Ƙulu ba ta manta ba. Ondo sunansa, dogo, mai magana a hankali, ba a gidan yake zaune ba amma yakan zo ran Lahadi ya duba 'yarsa Obone, wadda kakar ke riƙo tun rasuwar uwarta. Sai dai Ƙulu ta lallashi kanta da cewa ludayi biyu ne kawai, tsohuwa za ta shanye a tsaye ta ɗauka na madarar gari ne. Da Fadima ta tafi, ta jawo ƙwarya ta zuba ludayi biyu. Ta ga sun yi kaɗan a gindin babban kwano, abin kunya, ta ƙara har ya kusa baki. Sannan, kuma nan ne duk mai hankali zai so ya riƙe mata hannu, ta ɗauko ɗan curin man shanu fari sol ta ɗora a tsakiya, yadda ake yi wa baƙon da ake girmamawa. Ta ja baya ta duba, ya yi kyau ƙwarai. Ta rufe ta kai.

Ba tsohuwa ce ta sha ba. Obone ce. Yarinyar ta daɗe tana fama da ciwon ciki, duk abin da aka ba ta sai ya dawo, ta zama sai idanu da gwiwoyi. Likita ya ce a nema mata madara da nono mai kyau, kakar ta zaga kantunan gari har ƙafarta ta kumbura ba ta samu ba. Ranar nan yarinya ta sha cokali ɗaya, ta nemi na biyu, ta yi barci cikinta bai motsa ba. Da safe Madam Mengue ta faɗo ɗakin Ƙulu ta rungume ta tana kuka tana kiran sunan Allah da yarensu, ga kwanon nan kuma a hannunta, cike da wake.

Ƙulu ta yi farin ciki, ba za ta ɓoye ba, don tana son yarinyar. Amma tana kallon kwanon nan ta san ta shiga tarko. Ya zo cike, ba zai koma wofi ba. Haka ya riƙa kai da kawowa tsakanin ƙofofin biyu, kifi ya zo nono ya tafi, Obone ta fara zama a bakin ƙofa tana wasa da murfin kwalba.

Ran Lahadi da la'asar Ondo ya zo. Ba ya cikin kaki, rigar atamfa ce a jikinsa. Ya ƙwanƙwasa ƙofar da take a buɗe, ya cire takalmi kafin ya taka tabarma, abin da Ƙulu ba ta taɓa ganin ɗan ƙasa ya yi ba, kuma maimakon ya kwantar mata da hankali sai ya ƙara tayar da shi. Ya zauna a kan kujerar Maitama.

"Madam Maitama, na zo godiya. Kin tashi 'yata."

"Allah ne ya tashe ta, Mushe Ondo."

"Ina maigida? Na kwana biyu ban ga motarsa ba."

"Ya yi tahiya. Kamaru."

Ya gyaɗa kai kamar ya yarda. Idonsa yana yawo a ɗakin a hankali, ya bi ta kan gado, ya bi ta kan gorar kaɗa nono da ke rataye, ya sauka a kan farar jarka a bayan ƙofa, wadda jan laka ya bushe a gindinta.

Ya ce, "Na taɓa yin aiki a kan iyaka, inda ake shigo da shanu. Matan makiyaya sukan kawo mana nono da ɗan farin mai yana yawo a kai. Tun da na dawo nan ban sake ganinsa ba sai a kwanon uwata." Ya yi murmushi. "Na gwada gaya wa kaina madarar gari ce. Amma gari ba ya fid da mai, ko?"

Da Ƙulu ta ce yana fitarwa in an iya, wataƙila da ta ɗan sayi lokaci. Sai dai bakin da ya shekara goma yana zagin ruwan alli bai iya yabonsa ba ko da wuƙa a wuya. Ta kawar da kai, wannan kuwa ya ishe shi amsa.

"Ba kama ki na zo yi ba. Katinki lafiya yake, na sani. Uba ne ke tambaya. In akwai saniya a kusa, ina so in saya da kuɗina, kullum, don kada in dogara da alherinki. A ina take?"

"Wani ne ke kawowa. Ban san inda yake samowa ba."

"Wani." Ya miƙe, ya sa takalminsa a nutse. "To, in kin tuna. Kada dai ta yanke, Madam. Kin ga yadda yarinyar take kafin ta fara sha."

Bayan fitarsa ta jima a zaune, tana jin muryarsa ta bango yana yi wa Obone wasa, yarinyar na ƙyalƙyala dariya. Ta rasa gane ko roƙonta ya yi ko kashedi. Wataƙila shi kansa bai sani ba.

Da Saliou ya zo da jarka ta gaba, ta tare shi tun daga soro ta ja shi ciki ta zayyana masa komai. Bai zage ta ba, da ma ya zaga da ta fi samun sauƙi. Ya cire hula ya share gumi ya mayar.

"Kwano. Saboda kwano, uwargida."

"Ka ce mishi su tashi daga wurin. Yau ɗin nan. Kuma ka bar kawo bido."

"Su tashi su tafi ina? Gaba shinge, baya shinge, gefe daji ne da ko 'yan ƙasa ba su shiga. Mutum nawa ne a wurin, har da tsoho mai ciwon ƙafa. In kuma na daina kawowa, yarinya ta koma gidan jiya, kina jin uban zai zauna? A lokacin ne zai tashi neman saniya da gaske. Yanzu ko banza yana samu a kwano." Ya dubi ƙofa ya rage murya. "Zan riƙa canja hanya. Zan riƙa sauke wa mijin Fadima a shago, ita ta kawo miki cikin kayan wanki. Sauran sai addu'a."

Aka koma haka. Jarka tana zuwa a naɗe cikin zannuwa, Ƙulu ta fara duba ƙulli kafin ta duba madara. Wa'adin da rediyo ke faɗa ya cika ya wuce, motocin tamfal suka bar bakin kasuwa suka fara shiga unguwanni. Aka kwashe masu gyaran takalma na kusa da masallaci a rana ɗaya, akwatunansu suka kwana a bakin titi ba mai taɓawa. Ondo ya daina jiran Lahadi, kusan kullum sai ya leƙo, ya gaishe ta da ladabi, ya tambayi maigida. Wata rana ta hango shi a tashar motocin Ntoum yana shan lemo a tsaye, yana hira da masu lodi. Wata rana kuma Fadima ta ce ya shigo shagonsu ya sayi ashana, ya tsaya yana kallon buhunan da ke bayan kanta. Ƙulu ta daina iya shan nonon, in ta kai baki sai ta mayar. Duk na Obone ne yanzu, yarinyar har kumatu ta fara yi.

Sai ranar zuwan jarka ta zo, jarka ba ta zo ba. Ƙulu ta ce ruwan sama ne ya ɓata hanya. Washegari ma shiru. Ta je shagon su Fadima ta tarar da shi a rufe da kwaɗo, maƙwabta suka ce lafiya suke, tsoro ne ya sa suka kulle. Ta je tasha, aka ce ba a ga motar Saliou ba tun shekaranjiya, masu faɗar ma ba su yarda sun haɗa ido da ita ba. Ta dawo ta ɗaga faifai. Ɗan abin da ya rage a gindin ƙwarya ya fara tsami sosai, ya ja ruwa. Ta bango tana jin Obone tana ƙananan koke-koke, kakar na lallashinta da cewa gobe.

Da hantsin rana ta uku mota ta tsaya a ƙofar gida. Ƙulu na tsugune tana wanke-wanke ta ji takun takalmi mai nauyi. Ondo ne, yau cikin kaki, wandonsa ja da laka har gwiwa. Farar jarka na hannunsa. Bai shigo ba, ya dire ta a bakin ƙofa.

Ta dubi bakin jarkar. Ƙullin Maitama ne, ja ɗaya ke kwance shi.

"Shi ya ɗaure," in ji Ondo. Bai iya kallonta ba, bango yake kallo. "Ya riga ya tatsa lokacin da muka isa. Ya roƙa a bar shi ya ɗaure, ya ce a kawo miki."

"Ina yake?"

"Tashar jiragen ruwa, a rumbun da ake tara su. Shi da sauran, da direban motar hayar ma, shi tun shekaranjiya aka tsare shi a hanya, don ya ɓoye su. Ba a dake shi ba, na tsaya a kan wannan. In jirgi ya samu za a sa su." Ya rage murya. "Madam, ni madara na je nema. Na rantse. Na tambayi wani abokin aikina ko ya san hanyar garken, shi ya kai maganar sama. Da na ga an fito da manyan motoci, ba yadda zan yi in ce ban san wurin ba."

Hannun Ƙulu na cikin ruwan wanke-wanke, ta ji ya yi sanyi ƙalau.

Ya gyara tsayuwa, ya sake gyarawa. Ashe bai gama ba.

"Saniyar tana can. Mun bar mutum yana gadi, amma ba ta yarda kowa ya matso ta, ta harbi ɗaya a ƙirji. Hantsarta ta cika tana ta kuka. Duk wanda ya iya an tafi da shi." Sai yanzu ya dube ta. "Ke kin iya tatsa? Mota na waje. Zan kai ki in dawo da ke kullum, ba wanda zai tsayar da ke a hanya."

Ta iya mana. Tun kafin ta iya ɗaura zani ta iya. Ta san yadda ake sako maraƙi ya fara tsotsa, a janye shi, a ɗaure ƙafafun uwar, a yi mata magana ƙasa-ƙasa har ta saki. Kafin ta buɗe baki, sai a bayansa ta hango Madam Mengue ta fito daga ɗakinta, idanunta jajur, tana tafe a hankali kamar mai tsoron ƙasa ta fashe. Kwanon tangaran na hannunta, da murfinsa, tururi na fita ta gefe. Tsohuwar ba ta san abin da za ta ce ba, shi ya sa ta yi girki.

Ƙulu ta tsame hannunta ta karɓa da hannu biyu, yadda aka koya mata. Ta shiga ɗaki ta juye kifin a tukunya. Ta fito ta tsuguna a gabansu ta wanke kwanon ciki da waje, ta ɗauraye, ta goge da gefen zaninta har furannin shuɗin suka yi ƙyalli. Jarka na nan kusa da ƙafarta, cike, ba ta ko kalle ta ba. Ta mai da murfi, ta miƙe, ta miƙa wa Madam Mengue.

Tsohuwar ta karɓa, ta ji rashin nauyinsa, ta ɗaga murfin ta leƙa. Fadima ta yi kuskure da ta ce mutanen nan ba za su gane ba. Madam Mengue ta gane sarai.

A bayan bango Obone ta sake fara kuka, tana kiran kakarta ta kawo mata na farin kwano.